Matar da Ke Komawa Gida da Burodinta

Aikin farko na yau: ban ruwan zogale, sannan gyaran takardun 'yan ajin birebe. An yi ban ruwa. Takardu suna nan.

Zuwa ga yayana Sufyanu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Yaya, ka yi haƙuri da layin da ke sama. Hannuna ne ya saba, duk takardar da na ɗauka da safe sai na fara rubuta aikin ranar a kanta, sai da na gama na tuna wannan taka ce. Ban yage ta ba, tunda ka san halin ƙanwarka tun ba yau ba. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen gida da kuke tare a kasuwa. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya tsare ka a ƙasar mutane, Ya sa albarka a cikin biɗarka, Ya maido mana da kai lafiya. Amin. Bashiru direba zan ba ita, zai taso da lodin albasa, ya ce a hannunka zai sa ta. Na zaɓi rubutu a kan saƙon murya saboda ni in na danna wayar nan harshena harɗewa yake yi, in faɗi abin da ban shirya ba, in bar wanda na shirya. Ka samu inuwa ka zauna, takardar tana da tsawo.

Mu nan duka lafiya lau, sai zafin bazara da ya sauka da ƙarfinsa. Inna da sauƙi. Gwiwar ce dai ke tashi mata in ta daɗe zaune, amma ba ta hana ta zagaya gida tana ba kowa aiki ba. Man shafawar da ka aiko ta ce warinsa ya fi aikinsa, sai dai kullum da safe sai ta tambayi wa ya ɗauke mata shi. Matarka Sa'ida da yara lafiya. Ƙaramar ɗiyarka Jima ta yi famfara, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu biyu. Albasar gulbi an cire, ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Mijina Aƙilu da Kawu Tanko, da ya zo daga Tamaske, sun gyara rudu, rumbun albasar, sun zuba wadda za a aje, sauran kuwa ita ce za ka gani a motar Bashiru. 'Yar'uwarmu Hindatu ta sauka lafiya a Buza, namiji, an mayar da sunan Baba. Mun je suna ni da Sa'ida, hanyar ta kusa raba mu da ƙugunmu, amma mun ci nama mun dawo. Jaririn goshinka gare shi sak, har da yamutsa fuskar nan ta wanda aka tayar daga barci.

To, Yaya, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta Fiddausiya ce. Ni zan kira sunanta, tunda gwaggo ce ni, kunyar 'yar fari ba ta hau kaina ba. Kai da uwarta ku ci gaba da "yarinyar nan" da "waccan". Ka san bana take jarrabawar birebe ta ƙarshen koleji, kuma kafin jarrabawar kowane ɗalibi sai ya faɗi ɓangaren da yake so in ya shiga lise, makarantar gaba: ko A, na harsuna da adabi, ko C, na lissafi da kimiyya. Darektan kolejinmu yana son amsar kowa kafin watan nan ya ƙare. Yarinyar ta ce A take so. Kai kuma ka aiko mini da murya, wai ba kana ɗaukar buhun albasa a bayanka a ƙasar mutane ba ne don ɗiyarka ta je ta koyo gatana, C za ta yi, ta zama lokotoro ko ungozoma, in je in gaya wa darekta haka. Na saurari saƙon har na haddace inda ka yi tari a cikinsa. Ban gaya wa darekta ba tukuna. Ba raina maganarka na yi ba, Allah Ya sani. Akwai wani abu ne da ya faru a ajina wanda nake so ka ji kafin a rufe maganar. In ka ji ka sake cewa C, da ƙafata zan je in faɗa.

Kafin nan bari in faɗi gaskiya a kan kaina, kada ka ce ƙanwarka ta zama babbar malama. Karatuna a lise ya tsaya, ka fi kowa sani. Ingilishin da nake koyarwa na tattaro shi ne nan da can: abin da na samu a lakwal, da rediyo, da kwas ɗin da ake kiran mu lokacin hutu, da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu da shi. Yara suna ce mini Madam Angale, in na wuce kasuwa har masu tumatir sun ɗauka. Inna kuwa duk wanda ya tambaye ta aikina, sai ta ce gwamnati ce ta ɗauki ɗiyarta tana yi wa yara gatana da rana tsaka da harshen Nasara. Ina dariya, amma sau da yawa in na dawo gida da farin alli a hannu sai in tambayi kaina ko ba gaskiya ta faɗa ba. Yaron da bai karya da komai ba, ya taho da ƙafa daga ƙauye, na tsayar da shi ina tambayarsa me ya sa wata mata a cikin labari ta yi shiru. Wani lokaci ni kaina sai in ji nauyin abin. Saboda haka da saƙonka ya zo, rabin zuciyata tare da kai take.

Ga abin da ya faru. A cikin littafin da muke karatu da shi akwai wani guntun labari, bai cika shafi ba. Wata mata ce a wata ƙasa mai sanyi, a wani ƙauye da mota ɗaya ke ratsawa da safe. Labarin bai ce komai a kan mijinta ba. Ya dai ambaci wata riga da ke rataye a bayan ƙofa, da wata kujera da ba mai zama a kanta. Sai ya ce kowace safiya matar takan ɗauki "pain" ɗinta ta fita bakin hanya, ta tsaya har motar ta wuce, sannan ta juyo gida da shi. Kai da ke Abijan ka san kalmar nan, kullum kana sayen abin ka haɗa da shayi: a Faransanci burodi ke nan. To a Ingilishi haka ake rubuta ta, harafi ɗaya bai bambanta ba, amma faɗinta daban, ma'anarta kuma ciwo, ko raɗaɗin da ke cikin zuciya. Ranar da na ba su labarin muryata ta dishe saboda mura, ban iya karanta musu da baki ba. Littafin kuma bai ishe su ba, sai na kwafe shi a allo, na sa tambaya biyu a ƙasa: me matar take yi a bakin hanya, kuma don me take komawa gida da abin da ta fito da shi. Na ce su amsa a gida su kawo. Da na karanta da baki, wataƙila da kunnensu ya faɗa musu. Wannan kam laifina ne.

Yaya, da na zauna gyara, takarda ta farko ta ce matar tallar burodi take. Ta biyu ma haka. Na ci gaba da buɗewa, kusan aji guda kaf sun mayar da baiwar Allah 'yar talla, alhali kalmar burodi ta Ingilishi sun san ta tun shekararsu ta farko. Tambaya ta biyu kuwa a nan suka nuna su 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Wani ya ce ba ta san wurin ciniki ba, wa ke tsayawa inda mota ɗaya ke wucewa. Wata ta ce girman kai gare ta, ba ta ɗaga murya ta kira masu saye. Wani yaro Yaƙubu, shi ne sarkin barkwancin ajin, ya rubuta da Ingilishinsa mai ɗingishi cewa burodin na jiya ne, fasinja sun gane ta, kuma yana ba ta shawara ta taso ta dawo tashar Madawa ta haɗa da shayi, kafin azahar ta sayar. Na yi dariya har Aƙilu ya leƙo yana tambaya ko aljanun takarda ne suka kama ni. Daga baya dariyar ta koma mini ciki, na ce to ga shi nan, shekara guda ina zuba, ga abin da ya zauna.

Sai na zo kan takardar ɗiyarka. Ita ma burodi ta ce. Kada ka ɗauka zan ce maka ita kaɗai ta san kalmar, a'a, ta faɗa ramin da kowa ya faɗa. Amma ga abin da ta rubuta, na mayar maka da Hausa. Ta ce matar nan ba talla take ba, domin ba a ce ta ɗauki tire ba, ba a ce ta kira kowa ba. Ta ce burodin na mai rigar da ke bayan ƙofa ne. Tana fita da shi ne ko zai sauko daga motar da yunwa, tana komawa da shi domin bai sauko ba. Ta ƙara da cewa matar ba ta ci a hanya, ba ta kuma ba kowa, don kada a tambaye ta na wane ne. Na aje jan alƙalami na sake karantawa. Ta ɓata kalmar, Yaya, amma ba ta ɓata matar ba. Da kalma marar daidai ta isa inda mai labarin yake so a isa. Ni da na san ma'anar kalmar, sau nawa na koyar da labarin nan, ban taɓa tsayawa a kan kujerar da rigar kamar yadda ta tsaya ba.

Takardar ta yi kwanaki a jakata ban sa mata maki ba. A ƙa'ida wanda ya ɓata kalmar ya ɓata amsar. Kuma ɗiyar yayana ce, ina tsoron a ce na yi son kai, ina kuma tsoron in zalunce ta don gudun a ce haka. A ƙarshe na cire mata na kalma kamar kowa, na ba ta na fahimta cikakke, na kai wa wani abokin aikina ya duba ba tare da na nuna masa sunan ba. Ya ce shi ma haka zai yi. Da aka tashi na tsayar da ita a bakin aji, na tambaye ta a ina ta samo wannan amsa. Ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin hijabinta, ta ce wai gwaggo ba ki taɓa lura da ƙwaryar da ke ɗakin Mama ba ranar da motocin albasa ke dawowa daga kudu. Na ce wace ƙwarya. Ta ce duk ranar da aka ce motoci sun shigo, Mama takan dama fura a ƙwaryar nan mai ɗinki a gefe, ta rufe da faifai ta aje a ƙuryar ɗaki, ba mai taɓawa. In la'asar ta yi sanyi sai ta fito da ita ta ba yaran maƙwabta. Ba ta taɓa cewa ta wane ce ba, su ma ba su taɓa tambaya ba.

Yaya, gidan nan kullum ina cikinsa. Na sha ganin yaran maƙwabta suna shan fura a ƙofar Sa'ida, na ce a raina matar yayana akwai kyauta. Ni mai rubuta komai a kaye, ɗan littafin nan nawa, har ranar da akuya ta haihu, ban ga wannan ba. Yarinyar ta gani, ta riƙe a cikinta, ba ta da wanda za ta faɗa wa, sai da wata mata ta ƙasar sanyi ta zo ta tsaya a bakin hanya. Sa'ida in ta ji na rubuta maka wannan, ba za ta sake yi mini magana ba har Sallah. Ka rufa mini asiri. Ba kuma na faɗa ba ne don in ɗora maka nauyi. Mun san abin da ya zaunar da kai can, mun san abin da muke ci daga ina yake fitowa.

Ranar da na mayar musu da takardunsu muryata ta dawo. Na rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, na faɗe ta yadda Faransawa ke faɗi, na faɗe ta yadda masu Ingilishi ke faɗi, na gaya musu ma'anar. Aji ya fashe da dariya, suna nuna Yaƙubu suna ce masa mai shayi, shi kuma ya miƙe ya rusuna wai yana ba matar haƙuri, ya janye shawararsa. Na bar su suka yi mai isarsu. Sannan na ce to yanzu mu sake karantawa daga farko, kowa ya sa sabuwar ma'anar a wurinta. Na karanta a hankali. Kafin in kai inda take juyowa gida, ba sauran mai dariya a ajin. Ka san yaran nan, da wuya ka sami wanda ba shi da uba ko wa a biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu ba a ma san inda suke ba. Yaƙubu ya kifa kai a tebur. Ban kira shi ba. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu, ta tambaya da Hausa, ta manta dokar ajin, wai Madam, shi wanda ya rubuta wannan ya taɓa zuwa nan Adar ne. Na ce ban ji ba, ina jin ma bai taɓa jin sunanmu ba. Ta ce to wa ya gaya masa. Na ce ban sani ba. Har yau ban sami amsar da ta fi wannan ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa ban je wurin darekta ba. Ranar Asabar da hantsi muna zaune a rumfar Inna muna ɓarar gyaɗa, ni da Inna da Sa'ida da yaran. Sai Fiddausiya ta jawo Jima jikinta, ta ce ta zo ta ba ta labarin da suka karanta a lakwal. Jima take kallo, amma muryar ta ɗaga ta yadda za ta kai inda uwarta take. Inna ta yi caraf ta ce a'a, ba a gidanta ba, gatana da rana, so take ta ɓace hanya ranar kasuwa, wannan duk aikin Madam Angale ne, ta lalata kanta ta zo tana lalata jikoki. Sai Sa'ida, wadda ka san in ana magana a gaban Inna ba ta sa baki, ta ce ba tare da ta ɗago ba, wai Inna a bar ta ta ƙarasa, ai na lakwal ne, ba ya cikin lissafi. Inna ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce to yau kuma, ta ci gaba da ɓara. Yarinyar ta faɗi labarin tun daga rigar har juyowa gida. Ba ta ce burodi ba, ba ta ce ciwo ba. Cewa ta yi matar takan ɗauki abinta ta fita, ta dawo da abinta.

Da ta gama, Jima ta ce wannan ba daɗi, ba kura ba gizo, ta tashi ta bi kaji. Sa'ida ta daɗe tana juya gyaɗa ɗaya a hannu. Sannan ta juyo wajena, ba wajen yarinyar ba, ta ce in tambayi waccan, daga ƙarshe mutumin ya sauko daga motar ko bai sauko ba. Na ce ba mu sani ba, guntu ne aka sa mana a littafi, sauran yana cikin babban littafin da aka ciro shi, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Ta ce wannan wane irin rashin kirki ne, a ɗauko mace a tsayar da ita a bakin hanya a tafi a bar ta. Inna ma ta ce ƙwarai, Nasara ba su iya gatana ba. Sai Sa'ida ta ce, har yanzu ni take kallo, to in gaya wa waccan ta yi ta karatun har ta kai inda labarin ya ƙare, ta zo ta faɗa mata. Ta kwashe ɓawon ta shiga ɗaki. Yaya, tun da aka sa yarinyar nan lakwal, ban taɓa jin uwarta ta ce ga abin da take so a kan karatunta ba sai ranar. Fiddausiya kuwa ta sa kai cikin kwanon gyaɗa kamar wadda ta yar da allura a ciki.

Na yi ta tunani a kan wannan, ga ɗan abin da na iya haɗawa, ka auna shi da kanka. A gidajenmu akwai abubuwa da yawa da ba a faɗi. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na 'yar farinta, ba wanda zai buɗe baki ya ce ina kewar wane. Ni ban ce a daina ba, haka aka rene mu, kuma akwai kyau a cikinsa. Amma abin da ba a faɗa ba yana nan zaune, ba ya tashi don an yi shiru. Abin da na gani a rumfar Inna shi ne uwa da ɗiya sun ari wata mata daga nesa sun yi maganar da ba za su iya yi da bakinsu ba, kuma ba wadda ta keta kunyar wata. In wannan ne gatana, to ni dai na daina jin kunyar aikina, ko da na ɗan lokaci ne. Kuma abin da ake koya a ɓangaren A ba haddar labarai ba ne. Ana koya wa yaro ya ga rigar da ke bayan ƙofa, ya tambayi don me aka ambace ta. Ko lokotoron da kake so ta zama, ai mace takan zo masa ta ce kanta ke ciwo alhali ba kan ba ne.

Ba zan yi maka alkawarin aiki ba, wannan na Allah ne. Masu A suna zama malamai, da tafintoci, da ma'aikatan rediyo, wasu su bi hanyar shari'a, wasu kuma su zauna gida da takardarsu, kamar yadda wasu masu C ma ke zaune. Na je na tambayi Mushe Hassan, malamin lissafinsu, na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah. Ya ce yarinyar tana ƙoƙari, in an tura ta C za ta iya rarrafawa, amma a bayan aji za ta zauna, kullum da tsoro. A harsuna kuwa, Faransanci da Ingilishi, ita ce a gaba, ba ni kaɗai na faɗa ba. Mai yiwuwa ina kuskure. Mai yiwuwa son abin da nake koyarwa ne ya rufe mini ido, na tambayi kaina wannan ba sau ɗaya ba. Sai dai ka tuna, Yaya, wa ya fara wannan abin a gidanmu. Da ka dawo daga biɗarka ta farko, wa ya zaunar da mu a tsakar gida yana kwatanta wa Inna teku, wai gulbi ne da aka manta ba a yi masa ɗaya gaɓar ba? Ni ina ƙarama, na kwana biyu ina ganin ruwan nan a idona. Kai ka fara nuna mini cewa da magana kaɗai ana iya kai mutum inda ƙafarsa ba ta taka ba. Yarinyar nan ba daga ƙasa ta tsinto ba.

Roƙona ɗaya ne. Duk maganar karatunta ta bakina kake aikowa, ni in kai, ni in kawo. Wannan karon ka kira ta ita da kanta. Na san nauyin abin, na san tun tana goye ba ka taɓa cewa a ba ka ita a waya ba. Ba sai ka kira sunanta ba, ka ce a ba ka yarinyar nan, za mu gane. Ka tambaye ta don me take son A, ka bar ta ta yi ta in-ina har ta gama, ko da katin zai ƙare. In ka ji ta ka ce C, ita da kanta ta ce mini ba za ta tsallake maganarka ba, ni ma haka, kai ne uba. Na roƙi darekta ya ɗan jira mu, ya ce ba zai wuce ƙarshen wata ba. Bashiru ya ce in hanya ta yi kyau zai iso ka da sauran lokaci.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi. Aƙilu yana gaishe ka da kyau. Kawu Tanko ya ce a gaya maka buhunan da ke da jan zare nasa ne, kada a haɗa. Hindatu da mai sunan Baba suna gaisuwa, Jima ma, da bakinta a rufe. Sa'ida na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce a ce duk lafiya. Ka gaishe mini da Adamu da Muhammadu na Keita da duk 'yan Adar da ke rumfarku, ka ce muna yi musu addu'a. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Cima

Wuri ya rage a ƙasan takardar, hannun kuma ba ya jin magana. Na gobe in Allah Ya kai mu:

Ƙarasa takardun 'yan birebe, waɗanda yau ma ban taɓa ba.
Kai wannan tasha kafin Bashiru ya ɗaure tanti.
Karɓo hijabin Jima wurin tela.
Shiga lise in tambayi malamansu ko akwai mai babban littafin nan, don Sa'ida.
Gishirin awaki.
Cajin wayata, in miƙa wa Fiddausiya ta riƙe har ƙarshen wata. Ta ce ba ta san abin da za ta ce maka ba in ka kira. Na ce ta fara da sallama.